Tarihin Hisabin Igiyoyin Lantarki, Daga Ɗakin Faraday Zuwa Gindin Dutsen Zuma

Garin Suleja, wanda Sarki Abu Ja ya kafa a 1828 bayan da gidan sarautar Zazzau na dauri ya baro Zariya ya yi kudu, wanda kuma ya amsa sunan Abuja shekara da shekaru har gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta tsai da shawarar gina sabon babban birnin ƙasa a 1976, sa'an nan ya sakar wa birnin sunan ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau, a yau yana zaune ne a tsakiyar wata irin zirga-zirga wadda ido bai taɓa ganinta ba, kunne kuma ba ya jinta sai da wasiɗa. Manyan wayoyin wuta da suka taso daga madatsar Shiroro suka nufi Abuja sun ratsa ƙasar nan, turakun kamfanonin waya sun hau kan tuddai, kwanonin dish sun cika rufin gidaje tun daga Madalla har cikin gari, rediyo na kamo tashoshin gajeren zango daga nesa, kuma da wuya ka sami aljihun da babu wayar hannu a cikinsa. Waɗannan abubuwa, duk da bambancin kamanninsu, hukuncinsu ɗaya ne a wurin masana, domin ƙa'idodi huɗu kacal ke mulkinsu, waɗanda rabin shafin takarda ya ishe su. Abin al'ajabi, wanda shi ne sababin wannan rubutu, shi ne 'yan Adam sun riƙe ƙa'idodin nan a hannu kusan shekara ɗari, sun kuma haƙiƙance gaskiya ne, amma ba su da ikon su tambaye su game da abu mai siffa irin ta yau da kullum, kamar tiransifoma ko eriya, su sami amsa da lamba.

Asalin al'amarin a Landan ne. Michael Faraday, ɗan maƙeri wanda ya fara rayuwa yana koyon ɗinkin littattafai, bai kuwa yi zurfi a ilmin hisabi ba, ya gano a 1831 cewa idan aka motsa mayen ƙarfe kusa da naɗaɗɗiyar waya wuta takan gudana a cikin wayar. Kuma da yake mutum ne mai kallo da idon basira, sai ya yi hukunci cewa sararin da ke kewaye da mayen ƙarfe cike yake da wani ƙarfi shimfiɗaɗɗe mai alƙibla, wanda garin ƙarfe kan bayyana layukansa idan an barbaɗa shi a kan takarda. Wannan shimfiɗaɗɗen ƙarfi shi za mu riƙa kira fage, akwai na lantarki, akwai na maganaɗisu. James Clerk Maxwell, mutumin Sikotilan, shi ya mai da hangen Faraday lissafi a 1865, inda ya nuna cewa canjin fagen lantarki yana haifar da na maganaɗisu, canjin na maganaɗisu kuma yana haifar da na lantarki, ta haka su biyun suna iya tafiya cikin sarari suna haifar juna da gudun kilomita 300,000 a sakan ɗaya, watau gudun haske. Ya rasu a 1879 yana da shekara 48 bai ga tabbacin maganarsa ba. Oliver Heaviside, tsohon ma'aikacin wayar tangaraho wanda ya karantar da kansa, ya taƙaita ƙa'idodin daga ashirin zuwa huɗu, Heinrich Hertz kuma ya fito da igiyoyin a zahiri a Karlsruhe ta ƙasar Jamus tsakanin 1887 da 1888.

To, daga nan mishkila ta fara. Ƙa'idodin ba su gaya wa mutum ƙarfin fage a wuri kaza kai tsaye. Iyakar abin da suke faɗa shi ne yadda fage a kowane ɗigo na sarari yake rataye da na maƙwabtansa, da yadda halinsa na yanzu yake haifar da na an jima. Kafin lamba ta fito, wajibi ne a warware su bisa sharuɗɗan da siffar abin ta gindaya, wannan kuwa bai yiwu da alƙalami ba sai ga 'yan siffofi ƙalilan. Arnold Sommerfeld ya warware mas'alar igiya da ta bugi bakin siririn faranti a 1896, Gustav Mie ya warware ta ƙwallo a 1908, an kuma san hukuncin miƙaƙƙen bututu da na akwati mai kusurwa huɗu. Amma ba da ƙwallaye da bututu kaɗai Allah ya cika duniya ba, maƙera ma ba su kaɗai suke ƙerawa ba. Saboda haka injiniyan wancan zamani, idan yana son sanin inda wuta za ta taru ta huda rufin waya a cikin babban inji, sai ya koma ga jarrabawa, ya ƙera, ya gwada, abu ya ƙone, ya sake ƙerawa. In kuwa mai dabara ne sai ya sassaƙa siffar ƙarafan ƙanana, ya nutsa su cikin tankin ruwa mai ɗaukar wuta, ya bi da tsinken awo yana rubuta abin da ya samu wuri bayan wuri, aikin kwana da kwanaki domin siffa guda.

Mafita ta zo ta wata ƙofa da manyan malaman hisabi suka daɗe suna yi wa kallon raini, watau mutum ya haƙura da amsa cikakkiya ya nemi ta kusa, ya yi ta matsowa har kuskuren da ya rage ya zama ba ya cutarwa. Wannan tafarki yana da tsohon asali a ilmin Musulmi. Jamshid al-Kashi, wanda ya yi aiki a Samarƙand ƙarƙashin Ulugh Beg ya rasu a 1429, da ya buƙaci wani adadi na kusurwar daraja ɗaya domin jadawalin taurari, ya kuma ga babu hanyar fitar da shi a dunƙule, sai ya ƙirƙiro lissafin da ake zuba masa ƙiyasi ya ba da wanda ya fi shi kusa, a mai da wannan ciki ya ba da wanda ya fi, haka har lambobin su daina motsi. Duk abin da za mu ambata nan gaba, ko da kwamfuta mafi girma aka yi shi, ruhinsa ke nan.

Wanda ya fara ɗora wannan tunani a kan fage shimfiɗaɗɗe ta hanyar da injiniya zai amfana shi ne Lewis Fry Richardson na Ingila, a wata maƙala da ya gabatar a 1910, wadda ya buga misali a cikinta da nauyin da ginin madatsar ruwa ke ɗauka. Hanyar kuwa ta dace da lantarki, domin lissafin nasu 'yan uwan juna ne. Ya kamata mai karatu ya tsaya nan kaɗan, don wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin ilmin. A ɗauki faɗin wurin da ake nazari a raba shi gida-gida, a rubuta a gidajen gefe adadin da aka sani, alal misali bolt 100 a jikin waya da sifiri a jikin tukunyar ƙarfe da aka haɗa da ƙasa, sauran gidajen tsakiya kuma a cika su da ƙiyasi ko wane iri. A inda babu cajin lantarki, ƙa'ida ta ce adadin kowane gida shi ne matsakaicin na maƙwabtansa huɗu, na gabas da na yamma da na kudu da na arewa. Idan maƙwabtan suna riƙe da 100 da 40 da 20 da sifiri, jimla 160, rabo huɗu ya ba da 40, sai a goge abin da ke gidan a rubuta 40, a matsa gida na gaba. Gyaran wannan gida ya ɓata lissafin maƙwabcinsa, saboda haka idan an kai ƙarshe sai a komo farko, a yi ta kewayawa har canjin ya ƙanƙance. Duk wanda ya taɓa ganin malami yana cika gidajen hatimi, yana lura kada adadin da ya sa a wannan gida ya karya jimlar layin, ya ga ɗan uwan wannan aiki. Ba kuwa baƙon abu ba ne a ƙasarmu, tun da Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya wallafa littafi a kan ƙa'idojin cika irin waɗannan gidaje.

Illar hanyar ita ce wahala. Richardson yara samari ya ɗauka suna yi masa lissafin, yana biyansu gwargwadon yawan abin da suka lissafa, wanda aka yi kuskure a cikinsa kuma ba a biya; kuma a littafinsa na 1922 a kan hasashen yanayi ya ƙiyasta cewa sai an tara masu lissafi 64,000 kafin a riƙa cim ma yanayin duniya yana tafiya. Richard Southwell da almajiransa a Oxford sun gyara hanyar suka rage mata nauyi tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu, amma har yanzu hannu ne da fensir. A 1928 kuma malamai uku na Göttingen, Courant da Friedrichs da Lewy, suka kafa wani sharaɗi wanda a lokacin ba a ga amfaninsa ba, cewa idan abin da ake lissafawa igiya ce mai tafiya, to, kada takun lokaci ya yi faɗin da igiyar za ta tsallake fiye da gida ɗaya a cikinsa, in ba haka ba lambobin za su kumbura su haukace. Komai ya kammala ke nan, ban da ma'aikacin da ba ya gajiya. Shi kuma ya bayyana a 1946, sa'ad da aka nuna wa duniya kwamfutar ENIAC a Filadelfiya, mai ƙwayaye irin na tsohuwar rediyo kusan 18,000.

Shekaru ashirin bayan haka, a ɗan tsakanin 1965 da 1970, aka buɗe hanyoyi uku waɗanda har gobe su ake bi. Ta farko, wadda a ganina ta fi sauran kyawun tsari, ta Kane Yee ce, haifaffen ƙasar Sin da ke aiki a ɗakin binciken Livermore a Kalifoniya, wanda ya buga maƙala mai 'yan shafuka a watan Mayu na 1966. Yee ya raba sarari zuwa ƙananan akwatuna, amma maimakon ya ajiye fagen lantarki da na maganaɗisu a ɗigo ɗaya, sai ya gocar da su da rabin gida, ya sa na lantarki a kan gefunan akwati, na maganaɗisu a tsakiyar fuskokinsa, yadda kowane ɗaya zai sami kansa kewaye da huɗu na ɗan uwansa, daidai yadda ƙa'idodin Maxwell suke bukata. Ya kuma gocar da su a lokaci: a lissafa na maganaɗisu daga na lantarki, a matsa rabin taku, a lissafa na lantarki daga sabon na maganaɗisu, a sake matsawa, haka dubban sau. Babu abin da ake yi a ciki face tarawa da ɗebewa da ninkawa, amma idan aka zana sakamakon a allon kwamfuta sai ka ga igiya ta fito daga eriya, ta bazu, ta bugi bango, wani sashe ya komo, wani ya ratsa, wani ya lanƙwasa ta bayan kusurwa, ba tare da kowa ya koya wa lissafin waɗannan halaye ba.

Kusan shekara goma maƙalar nan tana kwance ba mai waiwayarta, domin kwamfutocin zamanin ba su da ma'ajiyar da za ta ɗauki akwatunan. Allen Taflove, ɗalibi a Jami'ar Northwestern, shi da malaminsa Morris Brodwin suka tashe ta a 1975, suka daidaita sharaɗin takun lokaci, suka lissafa da ita yadda igiyoyi masu gajeren zango ƙwarai suke ɗumama ƙwayar idon mutum. Taflove ne kuma ya raɗa mata sunan da aka san ta da shi, FDTD, a 1980. Saura aibi guda. Ma'ajiyar kwamfuta tana da iyaka, sarari kuwa ba shi da ita, saboda haka igiya idan ta kai gidan ƙarshe sai ta komo ta gurɓata lissafin, alhali a duniya wucewa za ta yi abinta. Gerrit Mur na Delft ya rage matsalar a 1981, amma wanda ya kashe ta shi ne Bafaranshe Jean-Pierre Bérenger a 1994, da ya ƙirƙiro wani rufi na lissafi, wanda babu irinsa a halitta, mai haɗiye duk igiyar da ta shige shi ta kowace kusurwa.

Hanya ta biyu ta masu eriya ce. Tun 1897 Pocklington ya rubuta lissafin wutar da ke gudana a jikin siririyar waya mai watsa igiya, aka rasa mai warware shi sai da ƙiyasi. Jack Richmond a Ohio da Roger Harrington a Syracuse suka ga cewa ba sai an raba sarari duka ba, ya isa a yanka wayar kanta gunduwa-gunduwa, a ɗauki wutar kowace gunduwa a matsayin majahili, watau adadin da ba a sani ba, a rubuta tasirin kowace a kan kowace, sa'an nan a warware su gaba ɗaya. Littafin Harrington na 1968 shi ya zama madogara. Daga nan aka sami manhajar NEC, wadda Gerald Burke da Andrew Poggio suka rubuta a Livermore, wadda fitowarta ta 1981 har yau masu ƙera eriyar rediyo suna aiki da ita. Tsadar wannan hanya ita ce kowace gunduwa tana magana da kowace, don haka majahilai 100,000 suna bukatar jadawali mai gida biliyan goma, kuma ba a sami sauƙin wannan ba sai bayan da Greengard da Rokhlin suka nuna a 1987 yadda za a dunƙule tasirin na nesa a lissafa shi a jimlace.

Hanya ta uku ita ta fi kusa da wutar da ke shiga gidajenmu, kuma daga masu ƙera jirgin sama aka aro ta. Injiniyoyin Boeing da Ray Clough na Berkeley, a maƙalarsu ta 1956, sun raba fiffiken jirgi zuwa ƙananan alwatika domin su lissafa nauyin da yake ɗauka. Falalar alwatika kuwa ita ce tana bin kowace irin lanƙwasa, ana kuma iya ƙanƙanta ta a inda abu ya yi tsanani a faɗaɗa ta a inda ya lafa. Peter Silvester na Jami'ar McGill a Kanada ya kawo hanyar cikin lantarki a 1969, shi da Chari kuma suka ɗora ta a kan ƙarfen injuna a 1970. Muhimmancin wannan shi ne ƙarfen cikin tiransifoma da janareta yana ƙoshi: akwai haddin da idan maganaɗisu ya kai, ƙarin wuta ba ya ƙara shi sai kaɗan, saura ya fantsama waje ya ɗumama tukunya da ƙusoshi. Injin irin na Shiroro, tashar da aka buɗe a 1990 a kan kogin Kaduna da injuna huɗu masu megawat 150 kowanne, yana da ɗaruruwan ramuka da haƙora a jikin ƙarfensa, kowane haƙori kuma da gwargwadon ƙoshinsa, abin da alƙalami ba zai taɓa bi ba. Da aka kai hanyar ga igiyoyi masu tafiya sai ta riƙa fitar da amsoshin ƙarya a cakuɗe da na gaskiya, har Jean-Claude Nédélec ya nuna a 1980 cewa a gefunan alwatika ya kamata a ajiye majahilan, ba a kusurwoyinta ba. A kan wannan gyara Zoltan Cendes, almajirin Silvester, ya gina manhajar HFSS wajen 1990.

Wanda yake son ya ga inda wannan ilmi yake taɓa ƙasa, ya tsaya a rumfar mai naɗin kwayil, irin waɗanda ba su da wuyar samu a Suleja. An kawo masa injin niƙa ko famfon rijiyar burtsatse da ya ƙone; ya buɗe, ya yanke tsohuwar wayar tagulla da ta yi baƙi, yana cirewa yana ƙirga naɗin kowane rami yana rubutawa a guntun kwali, ya auna kaurin wayar, ya shimfiɗa sabuwar takardar rufi a ramukan, ya naɗa daidai adadin da ya tarar, ya zuba banish ya shanya. Ƙwararre ne, ina kuma ganin girmansa, domin da hannunsa garin yake niƙa yake shan ruwa. Amma adadin nan da ya kwafa a kwali, da faɗin ramin, da siririn ratar da ke tsakanin ƙarfe mai juyawa da mai tsayuwa, wani ne ya lissafa su a wata ƙasa, bisa zaton wutar da ba ta hawa da sauka da zafin da bai kai na watan Maris a nan ba. Mai naɗi yana iya maimaita hukuncin, amma ba a ba shi hujjar da aka gina shi a kai ba, balle ya canja shi ya dace da halinmu.

Ba zai kyautu a ɓoye ba cewa kaso mai yawa na kuɗin da ya raini wannan ilmi na yaƙi ne. Livermore, inda Yee ya yi aiki aka kuma rubuta NEC, ɗakin binciken makaman nukiliya ne. Littafin da Pyotr Ufimtsev ya buga a Mosko a 1962, a kan yadda igiya ke tarwatsewa a gefunan abubuwa, sojan saman Amurka ne suka fassara shi, wani injiniyan Lockheed mai suna Denys Overholser ya gina lissafi a kansa, aka ƙera jirgin F-117 da na'urar hangen jirage ba ta gani sosai. Jikin jirgin ma ya fito fale-fale da kusurwoyi ne saboda kwamfutar lokacin ba ta iya lissafa lanƙwasasshen jiki ba. Lissafin nan dai shi ne yau ake auna na'urar hoton asibiti da shi, da gwargwadon igiyar wayar hannu da kan mutum ke sha, wanda dokar Turai ta yi wa haddi da wat 2 a kowane kilo na tsoka, ta Amurka kuma wat 1.6.

Ƙasarmu tana da hannu a wannan tarihi, ta hanyar Zariya kuwa, garin da sarautar Suleja ta fito. Matthew Sadiku ya sami digirinsa na farko a Jami'ar Ahmadu Bello a 1978, ya wuce Tennessee ta Amurka ya kammala digirin dakta a 1984, sa'an nan a 1992 ya fitar da littafi wanda ya tara waɗannan hanyoyi duka wuri ɗaya, da misalai da manhajojin da ɗalibi zai iya bugawa da kansa, a lokacin da ilmin yake warwatse a mujallun ƙwararru. An sake buga littafin sau da dama, daga baya aka mai da misalansa cikin MATLAB, kuma ɗalibai a jami'o'in duniya da yawa ta ƙofarsa suka shiga fannin. Ina ganin haƙƙi ne a kan malamanmu su riƙa gaya wa yara wannan, domin yaron da ya san cewa marubucin littafin da ke hannunsa a Samaru ya zauna aji, karatunsa ba zai zama ɗaya da na wanda ya ɗauka abin na waɗansu mutane ne can ba.

Da wayar hannu ta GSM ta shigo Nijeriya a watan Agusta na 2001, sai mas'alar ta zo har ƙofar gida, ta kuma nuna iyakar hanyoyin nan. Igiyar waya mai kaɗawa sau miliyan 900 a sakan tsawon zangonta kamar santimita 33 ne, kuma lissafin Yee yana son gida goma aƙalla a kowane zango, watau gida mai santimita 3. Ga ita kanta wayar da kan mai riƙe da ita wannan abu ne mai sauƙi, shi ya sa eriyar da dā take tsaye a saman waya ta koma ɓoye cikin jikinta, bayan an gwada siffofi barkatai a kwamfuta kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya. Amma a ce za a lissafa yadda sabis ke kewaya Dutsen Zuma, a ɗauki kilomita ɗaya tsawo da faɗi da bisa, gidajen za su haura tiriliyan 30, abin da ba mai yi. Nan sai a koma ga wata dabara, a ɗauki igiya kamar tsinken haske mai tafiya miƙe, a ƙara mata hukuncin lanƙwasa a gefen dutse da gini wanda Joseph Keller ya tsara a 1962, ko a yi aiki da lissafin Longley da Rice na 1968 mai bin tudu da kwari, ko da na Okumura da Hata, wanda aka gina a kan awon da aka yi a Tokyo da kewayenta. Unguwar da ke da gidajen ƙasa da na bulo masu rufin kwano, da duwatsu a bayanta, ba Tokyo ba ce, don haka dole injiniya ya shiga mota da na'urar awo ya zaga ya gyara lambobin kafin ya amince da taswirar da kwamfuta ta zana masa.

Wannan ya kawo mu ga abin da na fi damuwa da shi. Lissafi, komai ingancinsa, abin da aka zuba masa yake niƙawa, kuma halayen ƙasa da iska da ruwan sama ba a cikin ƙa'idodin Maxwell suke ba, aunawa ake yi. Kowa a Suleja ya san yadda hoton dish ke daskarewa idan hadarin Agusta ya sauko. Sababin shi ne zangon igiyar tauraron ɗan Adam kamar santimita biyu da rabi ne, ɗigon ruwa kuwa yana da girman da zai sha wani sashe nata ya tarwatsa wani, kuma lissafin da Mie ya yi wa ƙwallo shi ne asalin auna wannan hasara, da sharaɗin a san girman ɗigon da yawansu. Ruwan ƙasashen zafi ba irin na Turai ba ne, kuma ba a sami adadin da ya dace da mu ba sai da Farfesa Gabriel Ajayi ya zauna a Ile-Ife yana auna ɗigon ruwan sama, ya buga sakamakon tare da Olsen a 1985. Haka ƙurar hunturu, wadda ke kwanciya a kan faya-fayan tangaran da na gilashi masu riƙe da manyan wayoyi, ta jira raɓa ko yayyafin farko ta zama hanyar wuta; kwamfuta za ta nuna inda fage ya taru a jikin faifan, amma sai wani ya kankare ƙurar ya auna gishirin da ke cikinta tukuna.

Kayan aikin kuwa sun daina zama hujjar zama. Manhajar FEMM ta David Meeker, wadda ke lissafa maganaɗisun tiransifoma da injuna, kyauta ce. NEC kyauta ce. Meep ta jami'ar MIT da openEMS, masu bin hanyar Yee, su ma haka. Ƙaramar kwamfutar da ɗalibi ke ratayawa a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, ta fi wadda Yee da Harrington suka yi aiki da ita nesa ba kusa ba. Aikin da ya rage na ƙafa ne da haƙuri, kuma mafi sauƙin farawa shi ne na ƙasa. Kowace tiransifoma da kowane turken waya suna bukatar a binne musu ƙarafa da za su zubar da tsawa da wutar da ta ɓalle, lissafin yawansu da zurfinsu kuma yana rataye da yadda ƙasar wurin take tare wuta. Ana auna wannan da hanyar da Frank Wenner ya tsara a 1915: a kafa turakun ƙarfe huɗu a layi ɗaya da rata daidai, a tura wuta ta na gefe biyu, a auna bolt tsakanin na tsakiya biyu, sa'an nan a faɗaɗa ratar a sake, domin gwargwadon faɗin rata gwargwadon zurfin da awon ke kaiwa. A ƙasa irin ta Suleja, inda dutse yake kusa da sama a wani wuri, fadama kuma take 'yan taku kaɗan daga nan, adadin yakan bambanta ninki da yawa tsakanin unguwa da unguwa, kuma lalle ne a yi awon sau biyu a shekara, ɗaya a ƙarshen rani sa'ad da ƙasa ta bushe ƙayau, ɗaya a tsakiyar damina, a gina lissafin a kan na rani domin shi ne mafi tsanani.